Netwok da sindikeshan: yadda tsofaffin shirye-shiryen talabijin na Amurka suka yi yawo

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Babana kullum yana ba mu labarin finafinan kaboyi da na 'yan sanda da yake kallo a talabijin ɗin Kaduna yana yaro, baƙi da fari. Na ɗan leƙa intanet sai na ga ana raba irin waɗannan shirye-shiryen na Amurka gida biyu, wai na netwok da na sindikeshan. Meye bambancinsu, kuma ya aka yi suka iso mana nan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bambancin ba a labarin yake ba, a hanyar sayarwa yake.

Netwok uwar tasha ce, tana zaune a New York tana tura shiri ɗaya ta waya zuwa ƙananan tashoshin da suka ƙulla yarjejeniya da ita, kowa ya saka a lokaci guda. A ƙarshen shekarun 1940 su huɗu ne, NBC, CBS, ABC da DuMont. Shi kuma sindikeshan talla ne kawai irin na ɗan koli, kamfani ya shirya abinsa a kan fim, ya ɗauka gari gari yana sayar wa kowace tasha ita kaɗai, ita ta zaɓi rana da lokacin da za ta saka.

To me ya sa tasha za ta saya alhali ga uwar tasha? Saboda wayar ba ta kai ko'ina ba. Sai a watan Satumba 1951 kamfanin tarho na AT&T ya haɗa gabashin Amurka da yammacinta, kuma tun daga 1948 har 1952 hukumar FCC mai kula da harkar sadarwa a Amurka ta dakatar da ba da lasisin sababbin tashoshi, gaba ɗaya ƙasar tashoshi 108 ne. Ga shi yawancin shirye-shiryen netwok kai tsaye ake yin su, kamar wasan daɓe, in an yi an gama. Garin da waya ba ta kai ba sai dai a aika musu kineskof, wato a kafa kyamara a gaban allon talabijin ta ɗauki hoton abin da ke fitowa, ka dai san yadda bidiyon da aka ɗauka da waya daga fuskar talabijin yake fitowa dishi-dishi, to kusan haka.

Nan wani ɗan kasuwa daga Cincinnati mai suna Frederick Ziv ya ga ƙofa. Dama tun a rediyo sana'arsa kenan, sayar da shirye-shirye a faifai. A 1950 ya fito da The Cisco Kid, kaboyi ne, kashi 156, kuma wai mai kala ya ɗauke shi a lokacin da babu mai talabijin mai kala a gida. Da kala ta shigo daga baya sai ga kayansa sun dawo sababbi. Shi ne kuma ya yi Highway Patrol a 1955, da Sea Hunt a 1958 wanda manyan netwok suka ƙi karɓa, ya sayar da kansa kuma ya karɓu sosai. Yadda ake rabon ma abin dariya ne, gwangwanin fim ɗaya tasha za ta saka yau ta naɗe ta aika wa ta gaba, ita ma ta aika wa ta gaba, kafin ya zagayo duk ya kakkarce.

Amma ni a wajena labarin da ya fi muhimmanci na I Love Lucy ne, wanda CBS ta fara sakawa ranar 15 ga Oktoba 1951. Kamfanin taba Philip Morris da ke ɗaukar nauyi yana son a yi shi kai tsaye daga New York, su kuma taurarin shirin, Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz, suka ce ba za su bar Los Angeles ba, a ɗauka a fim mai kyau da kyamara uku a gaban 'yan kallo. Aka ce musu akwai tsada. Desi ya ce to a rage musu albashi, amma finafinan su zama mallakinsu. CBS ta yarda da sauri don a lokacin ba wanda ya yi tunanin mutum zai zauna ya sake kallon abin da ya riga ya gani. Da Lucille ta samu ciki ta tafi hutu aka maimaita tsofaffin kashi, mutane suka kalla kamar ba su taɓa gani ba. Bayan 'yan shekaru CBS ta dawo ta sayi finafinan nan a hannunsu da kuɗi sama da dala miliyan 4. Tab, rage albashin nan ya biya.

Daga nan sindikeshan ya zama iri biyu, akwai wanda tun farko don shi aka yi irin na Ziv, akwai kuma shirin netwok da ya gama zamaninsa aka fitar da shi kasuwa kamar gwanjo. Shi ya sa masu shiri suka riƙa fafutukar kai kashi 100, don tasha ta samu ta saka Litinin zuwa Juma'a har sati 20 ba maimaici. Ba dole ba ne dai, Star Trek kashi 79 ne kacal NBC ta soke shi a 1969, a gwanjon nan ya yi sunan da yake da shi yau.

Waɗanda aka yi kai tsaye kuwa yawancinsu sun ɓace. DuMont ta rufe a 1956, shekarar da kamfanin Ampex ya fito da na'urar naɗar bidiyo, kuma kaɗan ne ƙwarai daga shirye-shiryenta suka rage.

Zancen isowarsu nan, abin da ke cikin gwangwani shi ke iya hawa jirgi. Da aka buɗe tashar Ibadan a 1959, ta Kaduna a 1962, suna da awoyin cikewa amma kuɗi da kayan aiki na shirya nasu ba su da yawa, ga kuma fim da ya riga ya mayar da kuɗinsa a Amurka ana sayar da shi da araha, sai aka yi ta sayowa daga can da Ingila. Ka tambayi Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, in kaboyin nasa yana yawo da wani aboki mai barkwanci da ake kira Pancho, to Cisco Kid ɗin Ziv ya kalla.