Mutum, elf da matattu masu tafiya: wa zai ci wani a yaƙi?

Ɗan'uwa ka tambaya tsakanin mutum, elf (wata halittar almara mai kama da mutum, mai dogayen kunnuwa) da matattun nan masu tashi su yi faɗa wane ne ya fi ƙarfi. Ni dai amsata daga Warcraft III take, gem ɗin kamfanin Blizzard na 2002, na yi shekaru ina buga shi da abokaina mu haɗa kwamfutoci da waya mu kwana muna yi, kuma duka ɓangarorin ukun na riƙe su.

Da farko a daina kiran elf aljani don Allah, kibiya na kama shi, jini na zuba, mutuwa yake kamar kowa. Abin da yake da shi shi ne dare. Maharban elf na dare in suka tsaya cak bayan rana ta faɗi ɓacewa suke ba ka ganinsu, raunukansu ma da dare suke warkewa, ga rijiyoyin wata da suke sha su dawo da ƙarfi. To amma jikinsu ba ƙwari, in sojan ƙasa na mutane ya samu ya matso kusa da maharbiya an gama, shi ya sa mai riƙe da elf kullum harbi yake yana ja da baya.

Matattu kuwa nan ne maganar take wallahi. Ɗaya da ɗaya ba su da wani abin tsoro, a lokacin da nake bugawa gul, wato ƙaramin sojansu mai cin gawa, ransa (yawan dukan da zai iya sha kafin ya mutu) 340 ne, sojan mutane 420. Matsalar ita ce yaƙi da su ba a lissafa shi haka, domin bokansu gawa ɗaya yake tayar da ƙwarangwal biyu daga cikinta, kuma bai damu ko gawar taka ce ko tasu ba, har amalanke gare su mai kwasar gawa ya kai musu inda ake bukata, gul kuma ya ci gawa ya warke. Akwai ranar da na shiga sansanin wani abokina da runduna cike ina ganin na gama da shi, sai na ga sojojin da na rasa su ne suka tashi suna sarana, ga shi a kan baƙar ƙasarsu muke inda su ke warkewa ni kuma ina ƙarewa. Wannan ranar ta zauna min a rai sosai, daga ita na bar shiga musu gida da gaggawa.

Duk da haka in za a ce in zaɓa, mutane zan ɗauka. Ba su fi kowa a komai ba amma kowace cuta suna da maganinta. Hasken da jaruminsu Paladin ke warkar da soja da shi, shi ɗin dai yake ƙona matacce, limamansu na warware sihiri ƙwarangwal ɗin nan su zube, in an kawo hari gida a buga ƙararrawa leburori masu saran itace su ɗau makami. Sai dai suna son mai haƙuri da saurin hannu, in ka bar soja ɗaya ya mutu a banza ka ba abokin gaba biyu.

Don haka in kai sabon shiga ne, gwada matattu tukuna ka ga yadda suke cin gawa, sannan ka koma kan mutane, ka riƙa janye duk sojan da alamar ransa ta yi ja, wato ya kusa mutuwa, kafin ya faɗi.