Ku Tambaya Mu Amsa: Kafin Ka Shafa Gam, Ɗauki Biro

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne a Nottingham ta ƙasar Ingila, abokan karatuna suka ja ni wasan nan na Warhammer 40,000 da ake da 'yan ƙananan sojojin roba a kan tebur. Na sayi akwatin sojoji goma da tanka biyu na haɗa duka a dare ɗaya, sai ranar wasa aka ce min bindigogin da na manna musu ba su dace ba, kuma aka lallasa ni duk da na fi kashe musu mutane. Yanzu ina so in ƙaro wani ƙaton Knight, wato mutum-mutumin yaƙi mai ƙafa biyu, ko zai rama min. Me za ka ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Toh kai ai a gidan abin kake zaune, don Games Workshop masu wasan a nan Nottingham hedikwatarsu take, tun 1987 suka fito da shi. Amma batun Knight ɗin nan, don Allah mayar da kuɗinka aljihu tukuna.

Abin da ya same ka shi ne ka ɗauka wasan na kisa ne, alhali na riƙe wuri ne. A bugu na 10 da ya fito a 2023 zagaye biyar ake yi, kuma akasarin makin nasara daga wuraren nan da ake sa wa alama a tebur suke zuwa, wanda mutanensa suka fi nauyi a kusa da alamar, cikin inci 3, shi ke da wurin. Kowane soja da lambarsa ta riƙe wuri a katinsa. Sojan ƙasa na Intercessor lambarsa 2 ce, goma sun tashi 20 kenan, shi kuma ƙaton Knight ɗin da kake ta mafarki 10 gare shi, ga shi a makin haɗa runduna, wato farashin da wasan ya sa wa kowane rukuni (daban yake da makin nasara), zai cinye maka wajen 400 shi kaɗai. A wasan da aka ba kowa maki 1000 ya haɗa runduna ka ga kusan rabin rundunarka ta tafi a abu ɗaya wanda ba zai iya tsayawa wuri biyu a lokaci guda ba, kana can kana ta ruwan wuta yaran abokinka suna zaune a kan alamomi suna tara maki abinsu.

Ni yadda nake yi, kafin in sayi komai sai na zauna da biro da takarda. In rubuta kwamanda ɗaya, dole ne shi, sai rukuni biyu ko uku na sojan ƙasa masu zama a wuri, sai abu ɗaya mai gudu da zai zagaya ya ƙwace alamar can gefe, sannan abin da zai iya fasa tanka, don in ba ka da shi za ka wuni kana harbin ƙarfe da tsakuwa. In maki ya rage sai a yi maganar kayan ado. Ka tuna a bugu na 10 ba a maimaita rukuni iri ɗaya fiye da sau uku, sai sojan sahu irin su Intercessor da motocin ɗaukar soja da aka yarda har shida. Kuma farashin makin nan kamfanin na canza shi lokaci-lokaci, abin da ke da araha yau bayan wata uku ya yi tsada, shi ya sa ban cika son mutum ya sayi kaya don kawai an ce shi ke tashe ba. Sayi wanda ya burge ka a ido, kai za ka kwana kana fentinsa.

Bindigogin da ka manna kuwa, in gam ɗin roba ka sa to sai haƙuri, don shi narka robar yake ya haɗe su su zama abu ɗaya, sai dai ka yanke da reza a hankali. In sufa gulu ne da sauƙi, saka su a firiza su kwana, gam ɗin zai yi tauri ya ɓalle. Nan gaba ka nemi 'yan mitsi-mitsin maganaɗisu masu faɗin milimita 2 ko 3, ka huda kafaɗa ka huda hannu ka saka, sai ka riƙa canza makami yadda ka so. Amma ka sa ɗigon maka a fuska ɗaya kafin ka manna. Ni na taɓa mannawa a juye, hannun yana zuwa kusa da kafaɗar sai ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, na kai rabin awa a durƙushe da tocilan waya ina nemansa ƙarƙashin gado.

Kafin nan ma ka roƙi abokanka su bar ka ka gwada rundunar da aro, ko marfin kwalba ka ajiye ka ce wannan tanka ce, a wasan gida ba mai hana ka. Wasa uku ka yi da ita, in ta yi sai ka saya.

Tambaya: Yayana ya zo min da akwati ɗaya na sojojin robar nan tsaraba, ina Kano, na fesa musu fentin gwangwani a tsakar gida da rana sai jikinsu ya yi kaushi kamar yashi. Sun lalace kenan?

Amsa: Ba su lalace ba ɗan uwa, rana ce ta cuce ka. Zafi na busar da fentin tun yana iska kafin ya sauka, sai ya zauna gari-gari, in kuma da hunturu ne ga ƙura ta samu wurin kwana. Jiƙa su a sifirit irin na shagon magani, wato isopropyl, ka goge da tsohon burushin haƙori. Kar ka kuskura ka sa tina ko abin goge jan farce, wlh narkar da robar za su yi. Sai ka sake fesawa da sassafe a inuwa, ka girgiza gwangwanin kamar minti biyu, tazarar taƙi ɗaya da ɗan wani abu, fesawa gajeru kana wucewa. Fentin burushi kuma ka sirka da ruwa ka yi shafi biyu marasa kauri, kuma da yake a garinku nan da nan yake bushewa, ka samu roba mai marfi ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso, ka ɗora takardar gashin kek a kai, a nan za ka riƙa dama fentin, zai kai maka har dare. Abin awo kuma kar ka wahalar da yayanka, tef ɗin tela na da inci, dayis kuma na ludo ma ya isa, sai dai ka tara da yawa don rukuni ɗaya kan jefa ashirin a tashi guda.