Hukuncin cin tsuntsun daji da aka ce jininsa na da ƙwayar cuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin shinkafa ne a fadamar Argungu, da rani ina ɗana raga in kama kurciya da hasbiya da jan baki, mu ci mu sayar. Yarona da ke karatun likitan dabbobi a Sakkwato ya ce sun duba jinin tsuntsayen daji a na'ura sun ga ƙwayar maleriya ciki, wani mai wa'azi kuma ya ce in haka ne haramun ne kamar jallala. Wani lokaci kuma in jirgi ya yi feshi yara na tsinto jan baki da safe. Mi na hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah shi maka albarka da ka tsaya ka tambaya, shi kuma yaron Allah ya ba shi ilimi mai amfani, gaskiya ya faɗa maka.

Ƙwayoyin nan likitoci sun daɗe da saninsu, akwai Plasmodium da sauro ke ɗauka, akwai Haemoproteus wadda ta yi yawa ƙwarai a jikin tattabaru da kurciyoyi, sai Leucocytozoon ta hanyar ƙananan baƙaƙen ƙudajen bakin kogi. A jikin tsuntsu ma wani likita Bature Ronald Ross ya tabbatar a 1898 a Indiya cewa sauro ke yaɗa maleriya. Duk nahiyar duniya ana samunsu ban da Antatika, kuma sau da yawa tsuntsun na yawonsa lafiya lau da su a jiki. Abin da ya shafe mu shi ne maleriyar tsuntsu ba ta kama ɗan Adam, irinta daban da tamu.

Cin tsuntsaye halal ne a mazhabarmu, Risala da Muhtasar duk sun faɗa, ba sai mun tsaya ba.

Maganar mai wa'azin nan ce nake so in tsaya kanta don na ji ta fiye da sau ɗaya kuma tana sa talakawa cikin ƙunci babu dalili. Jallala dabba ce mai cin najasa, to wace najasa kurciya ta ci? Sauro ya cije ta kamar yadda yake cizon ni da kai, in cizon sauro na haramta nama to kajin gidan shi mai wa'azin da ke kwana a akurki da damina su ma sun haramta, haka shanun da ƙudan tsando ya sa wa sammore. Kuma ko jallalar ta gaske Shehu Halilu mai Muhtasar ya lissafa ta cikin tsuntsayen da suka halatta. In ya ce ai a jini take, Allah ya haramta jini mai kwarara ne a Suratul An'am aya ta 145, wanda ya rage a jijiya da tsoka bayan yanka an yafe shi. Malamanmu sun halatta cin tsutsar da ta haifu cikin ɗan itace tare da shi, wadda ido ke gani ke nan, ina ga abin da sai an shafa jini a gilashi an sa a na'ura? Haramtawa ba wasa ba ce, mai cewa haram yana magana ne da sunan Allah, ya ji tsoro.

Amma ɗan'uwa ƙarshen tambayarka ne ya tayar min da hankali, wanda ka faɗa kamar ba komai. Jan bakin da aka tsinto bayan feshi haramun ne ta fuska biyu, mushe ne ba a yanka ba, kuma guba ce ta kashe shi. Ko an same shi yana shure-shure an yanka kada a ci, la darara wa la dirar, wato ba cuta ba cutarwa. Na taɓa ganin yaro da buhun taki cike da su, fuka-fukan a jiƙe da raɓa, hannunsa babu komai yana kwasa, ya nufi wurin masu suya. Wallahi wanda ya soya wannan ya sayar wa mutane yana sane ya ha'ince su, kuma abin da ya same su yana wuyansa. Ka hana yaranka shiga fadama ranar feshi, kuma ka gaya wa maƙwabta.

Na raga kuma, wanda ka iske ya mutu ciki mushe ne, haka wanda dutsen danko ya kashe kafin a yanka. Jan baki duk ƙanƙantarsa sai an yanka kowane da bismillah, murɗe wuya ba yanka ba ne, na san aikin da wahala in sun yi ɗari biyu amma haka ne.

In ka ga tsuntsaye na faɗuwa da yawa ba feshi ba harbi kada ka taɓa, ka nisanta su da kajinka ka sanar da ma'aikatan dabbobi, murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006 kuma ita tana kama mutum. Nama a dafa shi ya dahu sosai, a wanke hannu da sabulu bayan fiɗa. In yaron ya zo hutu ka zaunar da shi ya nuna maka alamun tsuntsu mara lafiya, ka saurare shi ko da ɗanka ne. Wallahu a'alam.