Amsar tambayarka kan masu riguna kala-kala a saman jirgin ruwan yaƙi

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, abin da ya hana ni amsawa tambayar taka ba ta layi biyu bace, sai da na samu natsuwa. Kace ka ga bidiyon ƙaton jirgin ruwan nan na Amurka mai dakon jiragen yaƙi, mutane a samansa kowa da kalar rigarsa, wannan rawaya wancan kore wancan ja, matuƙi ya sara sai wani ya durƙusa ya taɓa ƙasa ya nuna gaba da hannu jirgi ya fice fit, shine kake tambaya wai al'ada ce ta gado ko burga ce kawai saboda kyamara, kuma me yasa benen jirgin kullum yake gefen dama.

Toh wallahi ba burga bace. Najeriya bata da irin wannan jirgin, ba a kansa na yi aikin sojan ruwa na ba, amma duk ɗan ruwa yasan al'adun cikin jirgi kashi biyu ne. Akwai tsofaffi na ɗaruruwan shekaru tun zamanin jirgin da iska ke turawa, irin su sara wa tuta in za ka hau jirgi, busa usur in babba zai shigo, buga ƙararrawa duk rabin awa, waɗannan mu ma mun gaje su daga Ingila. Su kuwa waɗanda ka gani a bidiyon jiya-jiya suka zo, da ƙyar suka haura shekara 100, kuma kusan kowace ɗaya in ka bi sawunta sai ka tarar da wanda ya mutu kafin a kafa ta. Shi yasa bana jin daɗi in na ji yara suna cewa rawa suke.

Bari in ɗauko maka daga tushe. Ranar 14 ga Nuwamba 1910 wani Ba'amurke mai suna Eugene Ely, farar hula ne ma ba soja ba, mai wasa da jirgi a wuraren taro, ya tashi daga wani dandamalin katako da aka kafa a goshin jirgin yaƙi Birmingham a Virginia. Tashi ai da sauƙi, sauka itace matsalar. Ranar 18 ga Janairu 1911 a gaɓar San Francisco aka shimfiɗa katako a bayan jirgin Pennsylvania, aka gitta igiyoyi a jere kowace an ɗaure mata buhun yashi a wannan baki da wancan baki, aka sa ƙugiyoyi a ƙarƙashin jirginsa, shi kuma ya naɗa tiyub ɗin keke a jikinsa ko da zai faɗa ruwa ya taso dashi. Ya sauko ƙugiya ta kama igiya, ta ja buhu, ta kama ta gaba ta ja nata buhunan, haka haka har nauyin yashi ya tsayar dashi kafin ya kai ƙarshen katakon. Ka duba da kyau ɗana, yau jirgin da ke sauka ya fi nasa nauyi nesa ba kusa ba, igiyar ta koma ta ƙarfe, injina ne a ƙasa suke riƙe ta maimakon yashi, amma dabarar nan ta ƙugiya da igiya itace har yau. Shi Ely bai ma kai ƙarshen shekarar ba, a Oktoba 1911 ya faɗo a wajen wasa ya rasu.

Waɗancan jiragen ruwan biyu a tsaye suke. Wanda ya fara sauka a kan jirgi yana cikin tafiya Bature ne ɗan Ingila Edwin Dunning, ranar 2 ga Agusta 1917 lokacin yaƙin duniya na ɗaya, a kan jirgin Furious a Scapa Flow can arewacin Scotland. Shi Furious a lokacin filin saukarsa a gaba yake, bene da bututun hayaƙi suna tsakiya, saboda haka dole ya zagayo ta gefensu sannan ya karkato ya sauka, kuma ba igiya ba komai, abokan aikinsa ne suke rugawa da gudu su kama maɗaurai da aka rataya a jikin jirgin su janyo shi ƙasa da hannunsu, farfela tana juyawa kusa da kawunansu. Ya yi nasara ranar. Ranar 7 ga wata yana sake gwadawa jirgin ya zame ta gefe ya faɗa teku, ya nutse a cikin kujerarsa, yana da shekara 25. Daga nan Ingila ta gane dole a share saman jirgi tun daga baya har gaba, a 1918 suka fito da Argus, wanda asalinsa jirgin fasinja ne da ake ƙera wa Italiya, suka shafe samansa fayau ba komai a kai.

Nan maganar benenka ta shigo. Jirgi ba zai zauna ba wurin tuƙi ba bututun hayaƙi ba, sai aka tura su gefe ɗaya, aka zaɓi dama saboda an lura matuƙan wancan zamani in saukar ta ɓaci suka fasa, hagu suka fi karkata, yanayin juyin injinsu da farfela yana jan su can, toh in ka kafa bene a hagu ka kafa musu abin karo kenan. Japan ta gwada sa shi a hagu a jirage biyu, Akagi da Hiryu, bata sake ba. Yanzu injin farfelan nan ya daɗe da tafiya amma duk tsarin zagayen sauka an gina shi a kan haka, sai ya zauna.

Abin da ya sa jiragen suka yi girma kuma siyasa ce. A 1922 manyan ƙasashe suka zauna a Washington suka taƙaita ƙera manyan jiragen igwa, sai aka yarda waɗansu da aka riga aka fara a maida su na dakon jirgin sama, daga nan Amurka ta samu Lexington da Saratoga, Japan ta samu Akagi da Kaga. A ƙarshen shekarar ne kuma Japan ta ƙaddamar da Hosho, na farko da ya fara aiki wanda tun daga zane don wannan aka yi shi.

Amma rigunan da ka gani daga wani jirgi mara fasali suka fito, Langley, na farkon Amurka, wanda da jirgin dakon kwal ne aka daɓa masa rufi a 1922, ga rashin gudu. Wani hafsa Joseph Reeves ya zo a 1925 yaga ana saukar da jirgi ɗaya, a kai shi ƙasa a ajiye, sannan na biyu ya sauka, yace wannan ba yaƙi za a yi dashi ba. Ya sa a riƙa tura wanda ya sauka gaba a bayan shinge na gaba ya biyo nan take, ya ninka yawan jiragen da ake ɗauka fiye da sau biyu. Toh ka ƙiyasta, fili ɗan siriri, jirage a cunkushe injinansu a kunne, iska tana kaɗawa da ƙarfi don kullum sai an juya goshin jirgin ya fuskanci iska kafin a tashi ko a sauka, ba mai jin muryar wani ko da ihu yake. A nan ne aka raba ma'aikata ƙungiya-ƙungiya kowace da launin rigarta, don da kallo ɗaya daga nesa ka san aikin mutum. Ka ga yadda yaron mota yake tsayawa a bayan tirela a tasha yana ba direba hannu, direba baya jin sa amma ya yarda da hannun nan ɗari bisa ɗari, toh haka ne, sai dai su kuskuren taku ɗaya rai ne.

A tsarin Amurka na yanzu mai rawaya shine mai ba jirgi hannu, matuƙi ko janar ne baya motsa taya sai da izninsa. Kore sune masu majaujawar harba jirgi da igiyoyin tsayarwa da gyara. Shuɗi su ke sa waigi da sarƙa suna jan jirage, masu ruwan ƙasa kowanne da jirgin da yake kula dashi shi zai miƙa wa matuƙi yace lafiyarsa ƙalau, farare sune na tsaro da magani da masu lura da sauka. Ja na bam da kashe gobara, shunayya na mai. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne suka fi ban tsoro kuma yaƙin duniya na biyu ne ya nuna hakan.

Ka san da farko manyan hafsoshi sun ɗauki jirgin dako ɗan rakiya ne, aikinsa leƙen asiri wa masu igwa. Daren 11 ga Nuwamba 1940 jirage 21 masu fukafukai hawa biyu, tsofaffin yayi, suka tashi daga Illustrious na Ingila suka nakasa manyan jiragen Italiya 3 a cikin tasharsu ta Taranto. Ranar 7 ga Disamba 1941 Japan ta haɗa jiragen dako 6 wuri ɗaya ta aika jirage sama da 350 kan Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka, kuma su ma da tasu al'adar, ma'aikata suna jeruwa a gefe suna kaɗa huluna a sama suna sallamar kowane jirgi da ya tashi. A Mayu 1942 a tekun Coral aka gwabza tsakanin Amurka da Japan, jiragen ruwan ɓangarorin biyu ko ganin juna basu yi ba. A nan Lexington ya tafi, kuma abin da ya ƙarasa shi tururin man jirgi ne da ya taru a cikinsa bayan an buge shi, ya samu tartsatsi ya fashe. Amurkawa suka koyi darasi nan da nan, in an hango maƙiyi sai a zuƙe mai daga bututu a cika shi da iskar da bata cin wuta. Bayan wata ɗaya a Midway, 4 ga Yuni, bama-baman Amurka suka samu Akagi da Kaga da Soryu na Japan jirage cike da mai a cikinsu, bama-bamai a zube ba a maida su ma'ajiya ba saboda sauri, wuta ta cinye su, Hiryu ya bi su da yamma, jirage 4 a yaƙi ɗaya. Daga nan kuma sai ƙarfin masana'anta, Amurka ta ƙera manya samfurin Essex 24, ƙanana samfurin Casablanca 50, Japan ta kasa cike gurbin jiragen balle gogaggun matuƙan.

Ko bayan yaƙin ba a gama biyan kuɗin karatun ba. Ranar 29 ga Yuli 1967 a gaɓar Vietnam roka ta kuɓuce daga wani jirgi a saman jirgin dakon Amurka Forrestal ta bugi wani, mai ya malale ya kama, bam ɗin farko da ya tashi ya kashe ƙwararrun masu kashe gobarar da suka rugo, waɗanda suka rage basu da horo, wasu suna zuba kumfa wasu suna wanke ta da ruwa, mutum 134 suka mutu. Tun daga nan kowane sojan ruwan Amurka sai ya koyi kashe gobara, ko kuku ne ko akawu. Ni wannan labarin duk lokacin da na tuna shi sai jikina yayi sanyi, don wuta a teku ba inda za ka gudu.

Masu fararen riga da ke tsayawa can baya ta hagu su ma daga Langley ne. Ana ba da labarin mataimakin kwamandan jirgin Kenneth Whiting yana tsaye yana kallon wani matuƙi yana tahowa ba daidai ba, ya fizgi fararen huluna ya ɗaga yana nuna masa, daga baya aka maida shi aiki na musamman da wasu faifai biyu a hannu. Abin da ya so ya jawo masifa lokacin yaƙi, alamar Amurkawa tana gaya maka inda kake ne, wato ka yi sama da yawa, ta Ingila kuma umarni ce, wato ƙara sama, hannu iri ɗaya ma'ana kishiya, sai da Ingila ta koma tsarin Amurka. Japan kuwa fitilu ja da kore take jerawa matuƙi ya daidaita su da idonsa. A shekarun 1950 da jiragen jet suka zo Ingila ce ta kawo majaujawa mai tururi da filin sauka a karkace da madubin sauka.

Sarawar da ka gani kuma magana ce. Matuƙi ya ba inji wuta har ƙarshe, ya motsa komai ya duba agogunansa, sarawar tana nufin na shirya, in da matsala girgiza kai zai yi, da dare kuma fitilun jirginsa zai kunna. Mai rawayan ya waiga ya ga kowane mai kore ya ɗaga babban yatsa, ya duba gaba ba kowa, sannan ya durƙusa don fiffike zai wuce ta kansa, ya taɓa ƙasa ya nuna gaba, a danna majaujawa, cikin kamar daƙiƙa 2 jirgin ya kai wajen kilomita 250 a awa. Abin da yafi burge ni, ko ƙaramin kurtu ne ya hango wani abu ba daidai ba in ya gitta hannayensa a saman kansa an tsaya kenan, ba mai ce masa kai waye. Haka kafin a fara tashi manya da ƙanana suke jeruwa kafaɗa da kafaɗa su taka filin kaf suna tsintar ƙusa da guntun waya, don ƙusa ɗaya in inji ya zuƙe ta ya lalace. Wadda za ka iya kira ta nishaɗi ita ce in hafsan majaujawa ya gama wa'adinsa sai a ɗaura takalmansa a harba su cikin teku.

Kar kuma ka ɗauka abin bai taɓa shafarmu ba. A 1940 da hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, Argus ɗin nan da Furious ɗin da Dunning ya faɗo daga kansa ya mutu su suka riƙa dakon jiragen Hurricane zuwa Takoradi a ƙasar Ghana ta yau, daga can su tashi su bi ta Legas, su sauka Kano, su wuce Maiduguri da Fort Lamy wato Ndjamena, su ratsa Sudan ta El Fasher zuwa Khartoum har Masar inda ake yaƙin. Dubban jirage sun bi wannan hanyar kafin a gama, mafi yawa a cikin akwatuna aka kawo su aka haɗa a Takoradi, amma wasu daga cikin na farko-farkon da suka sha mai a filin jirgin Kano a kan waɗannan jiragen dakon biyu suka iso Afirka ta Yamma.

Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar karatu. Kawunka.