Tambayoyi da Amsoshi: Me Ya Sa Murya Ke Yankewa a Kiran Intanet Alhali Data Tana Gudu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Gusau, kuma kusan kullum da dare nakan kira ƙanena da ke karatu a Alƙahira ta WhatsApp. Muryarsa tana yankewa, wani lokaci ta rikiɗe kamar ta inji, alhali ina kallon bidiyo a YouTube lafiya lau. Shin wayar ce ta gaji, ko kuwa layi zan canza?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi gaggawar sayen waya ko sabon layi, domin abin da ka bayyana bai nuna ƙarancin gudun data ba. Kiran murya ba ya cin data mai yawa, don minti ɗaya a WhatsApp yawanci bai kai megabait 1 ba. Abin da yake buƙata shi ne data ta riƙa isowa a kan kari. Bidiyo kamar mai randa ne, yana tara na daƙiƙoƙi masu yawa a gaba, saboda haka ko famfo ya ɗauke na ɗan lokaci ba za ka lura ba. Kiran murya kuwa mai sha daga bakin famfo ne, da an ɗauke zai ji a maƙoshinsa.

Wayarka tana yanka maganarka ƙunshi-ƙunshi, kowanne na kimanin milisakan 20 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), wato kusan ƙunshi 50 a kowace daƙiƙa, ta tura su ɗaya bayan ɗaya. Abubuwa uku ne ke iya samun su a hanya. Idan suka makara gaba ɗaya, sai ku riƙa haɗa baki kuna katse juna. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin tafiya ɗaya ya wuce milisakan 150, kuma idan ya haura 400 hira ba ta yin daɗi sam. Idan suka iso a hargitse, wani da wuri wani a makare, shi ne kake jin muryar inji. Idan kuma wasu suka ɓace, ba a sake aiko su, domin kalmar da ta iso bayan an wuce wurinta ba ta da amfani, sai ka ji gurbi a tsakiyar magana. Ɓacewar ƙunshi 2 ko 3 cikin 100 kaɗai ta isa kunne ya fara ganewa.

Ga yadda za ka gano inda matsalar take. Ka sauke manhajar Speedtest, ka bar kallon babban adadin gudu, ka duba Ping da Jitter. Na farko shi ne lokacin zuwa da dawowa, na biyu kuma shi ne hargitsin isowar, wanda ake so ya tsaya ƙasa da milisakan 30. Ka gwada bayan sallar asuba, ka sake gwadawa bayan isha'i a daidai wurin da ka saba zama. Idan na asuba ya yi kyau na dare ya lalace, to cunkoso ne a ƙarfen sabis na unguwarku, kuma a nan gwada layin wani kamfani yana da ma'ana. Idan duka biyun ba su yi kyau ba, ka shiga saitin waya wajen bayanin SIM ka duba ƙarfin sigina da ake rubutawa da dBm, don sandunan da ke saman allo ba abin dogaro ba ne. A kan 4G, adadi kamar -85 yana da kyau, amma daga -110 zuwa ƙasa wayar tana fama ne, kuma matsawa kusa da taga ko fita tsakar gida kan gyara lamarin, musamman a ɗaki mai rufin kwano da katanga mai kauri. A ƙarshe ka kira wani a cikin gari ta WhatsApp ɗin. Idan muryarsa ta fito tar, to wataƙila matsalar tana wajen ƙanen naka, shi ya kamata ya yi waɗannan gwaje-gwajen.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Kano. Ina wasan PUBG da abokaina muna magana ta Discord a kwamfuta, da rauta mai SIM a gidanmu. Da rana komai lafiya, amma da mutanen gida sun taru sai muryata ta riƙa makara, har abokai su ce ba sa fahimtata.

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka tana ɗauke da rabin amsarta. Mafi yawan zato shi ne wani a gidan yana ɗora abu mai nauyi, kamar tura bidiyo a guruf, ko wayar da ke kwashe hotuna zuwa Google Photos ba tare da mai ita ya sani ba. Hanyar fita ta intanet ta fi ta shigowa ƙunci, kuma idan ta cika, rauta takan jera komai a layi guda, sai ƙananan ƙunshin muryarka su tsaya a bayan ƙaton bidiyo kamar mai babur a bayan tirela a kan siririyar gada. Shi ya sa kai kana jin abokanka, su kuwa suna jin ka a makare. Shafin Fast.com yana nuna wannan ƙarara idan ka buɗe ƙarin bayani: yana ba da jinkiri lokacin da layi yake sake da kuma lokacin da yake ɗauke da kaya. Idan na farko milisakan 60 ne na biyu ya kai 600, ka kama ɓarawon.

Sai dai kafin ka ɗora wa kowa laifi, ka fara aunawa daga kusa zuwa nesa. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta ping, sannan adireshin rautar, sannan -n 50. Adireshin yana rubuce a takardar da ke manne a jikinta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Tsakanin kwamfuta da rautar da ke gida ɗaya bai kamata amsa ta wuce 'yan milisakan ba, kuma bai kamata ko ɗaya ya ɓace ba. Idan ka ga adadin yana tsalle zuwa 100 ko 200, to tun a cikin gida abin ya lalace, wato Wi-Fi ne. Zangon 2.4 GHz ya cika maƙil da rautocin maƙwabta, kuma a kansa Bluetooth ke aiki, don haka ka koma zangon 5 GHz idan rautar tana da shi, kodayake ba ya ratsa katanga sosai. Abin da ya fi duka, a ganina, shi ne ka sayi igiyar Ethernet ka haɗa kwamfutar kai tsaye. Idan gwajin cikin gida ya yi kyau, ka maimaita shi da 8.8.8.8, wato wani adireshin Google, a madadin na rautar, domin ka ga halin hanyar waje. Maganin cunkoson kuwa shi ne a kashe ɗora hotuna ta atomatik a wayoyin gidan, ko kuma a shiga saitin rauta a nemi QoS, wato saitin da ke ba wata na'ura fifiko, a fifita kwamfutarka.

Akwai jinkirin da ba ka da iko a kansa. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200 ne a kowane milisakan a cikin igiyar fayiba, kuma idan sabar da kuke haɗuwa a kai, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke haɗa ku, tana Turai, sai muryarka ta gangara Legas, ta bi igiyar ƙarƙashin teku, sannan ta dawo wa abokinka da ke Tarauni. Ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da igiyoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka katse a gabar Afirka ta Yamma, mutane da yawa sun yi ta kashe waya suna kunnawa a banza. Saboda wannan nisa ne nake ba ka shawarar kashe VPN, wato manhajar da ke bi da datarka ta wata saba daban, yayin wasa, tunda yakan ƙara wa tafiyar wani zagaye.

Tambaya: Ni malama ce a Maradi, ina karantar da ɗalibai mata ta Zoom. Da wani ya kira ni a layi sai karatun ya yanke, kuma wani lokaci ina jin muryata tana dawo mini.

Amsa: Malama, matsaloli biyu ne daban. Wayar da ba ta amfani da VoLTE, wato tsarin yin kiran layi a kan 4G, takan sauka daga 4G zuwa 3G ko 2G domin karɓar kiran layi, kuma a wayoyi masu SIM biyu datar ɗaya takan tsaya idan an kira ɗayan. Ki kunna VoLTE idan wayarki da kamfanin layinki suna da shi. Idan babu, ki karɓi data daga wata wayar ta hosfot, ki sa taki a yanayin jirgin sama sannan ki kunna Wi-Fi. Ki kuma cire Zoom daga jerin manhajojin da tsarin tattalin batir ke taƙaitawa, don yakan tsayar da su idan allo ya mutu.

Dawowar murya kuwa ba daga netwok take ba, kuma ba daga wayarki ba. Wata ɗaliba ce ta buɗe sifika, makirufonta yana ɗaukar muryarki yana maido miki. Ki rufe makirufon kowa, ki riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya har ki gano ta, sannan ki roƙe ta ta sa iyafis.

Tambaya: Yayana yana Dubai. Saƙo yana shiga, amma kiran WhatsApp ba ya haɗuwa ko kaɗan.

Amsa: Wannan ba lalacewa ba ce, kuma babu saitin da za ka taɓa a wayarka ya gyara ta. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta taƙaita kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp, ta bar wasu manhajoji masu lasisi irin su Botim. Ka tambayi yayan naka wadda yake amfani da ita a can, ka sauke irinta.