Highlander ko Pilot: wace ce za ta iya hanyar ƙauyenmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne, ina kuma taɓa noman shinkafa da riɗi a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Miga. Daga bakin kwalta zuwa ƙofar gidanmu kilomita 12 ne, rabi burji rabi rairayi, da damina kuma sai taɓo. Mu bakwai ne: ni da mai ɗakina da yara huɗu, sai Hajiya mahaifiyata da nake kaiwa asibiti Kano saboda ciwon gwiwa. Na haɗa kuɗin amfanin gona, dillali ya nuna min jif biyu 'yan Kwatano, Toyota Highlander ta 2010 da Honda Pilot ta 2011, duka masu filogi shida. Wace ce za ta ɗauke mu, ta kuma jure hanyar? Allah ya ƙara basira.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa albarka a abin da aka noma.

Kafin mu zo kan zaɓi, akwai abin da dillali ba zai faɗa maka ba. Duka biyun nan ba motocin daji ba ne. Highlander tun fitowarta a 2001 a kan ginin Camry aka ɗora ta, aka ɗaga ta sama, aka faɗaɗa mata ciki. Pilot ma haka take, jiki da ƙashin ƙasa a haɗe suke. Ba irin Prado ko Hilux ba, waɗanda aka ɗora wa jiki a kan dogon ƙashin ƙarfe, kuma suke da giyar ƙarfi ta fita daga kafewa. Waɗannan biyun ba su da wannan giyar. Tsakanin cikinsu da ƙasa kusan santimita 20 ne, ya ishe ka burji da kwazazzabon da ruwa ya ci, ya ishe ka rairayi idan ka iya tuƙi. Da rani da kaka ba za ka ji komai ba. Amma a watan Agusta, lokacin da kogin Haɗeja ya cika ya shafe hanya, ajiye ta za ka yi a bakin kwalta.

Ina nanata maganar ruwa ne saboda na ga abin da yake yi. An taɓa janyo mana wata jif irin wannan zuwa gareji, mai ita ya bi bayan tarakta ya faɗa kududdufi, a zatonsa inda tarakta ta wuce shi ma zai wuce. Muka kwance filogi, muka juya injin, ruwa ya yi tsartuwa daga ramukan har ya jiƙa wa yarona riga. Inji iska yake zuƙa ya matse, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai sandar fistin ta lanƙwashe. Kuɗin da ya kashe a wannan gyara ya fi na taki da irin shekara guda. In ruwa ya kai tsakiyar taya, ko ba ka san zurfinsa ba, ka juya.

Wajen ƙarfi babu abin fargaba. Dukansu injin lita 3.5 ne da giya biyar mai canza kanta. Na Highlander yana ba da ƙarfin doki 270, na Pilot 250, kuma ko ka cika su da mutane za ka wuce tirela a hanyar Ringim hankalinka kwance. Akwai Highlander mai filogi huɗu, lita 2.7, wadda mutane ke bi don tsimin mai. Ban ba ka shawararta ba. Tayoyin gaba kaɗai ke janta, kuma da mutum bakwai cikin rairayi za ta sha wuya, mai ɗin da kake son ragewa ma ba zai ragu sosai ba. Ko mai filogi shidan, ka duƙa ka leƙa ƙarƙashinta: in babu dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, to ba mai jan ƙafa huɗu ba ce, ko me aka manna a bayanta.

Inda ya kamata ka daɗe kana dubawa shi ne ciki. Highlander kujera bakwai ce, kuma ba kowace ta wannan shekarar ke da layi na uku ba, sai ka buɗe ka gani. Layin na ukun na yara ne, babba in ya zauna gwiwarsa na kusa da ƙirjinsa. Da zarar ka ɗaga shi kuma, but ya tafi. Abin da ya rage bai fi wurin jakar Hajiya da kwandon abinci ba, buhun shinkafa ba zai kwanta ba. A ta 2010 kujerar bayan guda ce, ko ka ɗaga ta duka ko ka kwantar da ita duka. Daga 2011 aka raba ta biyu, yaro ya zauna a gefe ɗaya, kaya a ɗayan. Pilot kuwa ta mutum takwas ce, bayanta murabba'i ne, kuma ko an ɗaga layi na uku akwai sauran wurin kaya na kirki. A fili, gaskiya Pilot ta fi.

Duk da haka Highlander zan ce ka ɗauka, kuma dalilina ba a cikin motar yake ba, a garinku yake. Wa zai gyara? Injin nan na Toyota shi ne a Sienna da Camry masu filogi shida, bakanike a Jahun ko Haɗeja ya saba da shi, kayansa kuma ko ba a samu kusa ba, ka aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da safe su iso da yamma. Sarƙa ce ke haɗa juyin sama da ƙasa na injin, ba a canza ta in ana zuba baƙin mai mai kyau kan lokaci. Pilot bel ne, ana so a canza shi wajen kilomita 160,000, in ya tsinke kana tafe, bawul da fistin za su yi karo. Sannan tana da tsarin da ke kashe wasu filogi don rage shan mai, wanda in ta tsufa yakan jawo shan baƙin mai da jijjiga, kuma ba kowane gareji ne ya fahimce shi ba. Mutumin da ke cikin Kano zai iya zama da Pilot lafiya. Kai da ke da kilomita 12 kafin kwalta, da mara lafiya a gida, motar da kowa ya sani ta fi maka.

Mai kuma kada ka yaudari kanka. Tana sabuwa ma Highlander kan sha kusan lita 10 a kilomita 100 kan buɗaɗɗiyar hanya, wajen 14 a cunkoson gari. Ka ƙara tsufa, da esi, da rairayi. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya zama dole: ka auna nisan zuwa asibiti da dawowa, ka buga da kuɗin lita, ka ga ko albashi zai ɗauka ba sai an taɓa rumbu ba.

Ranar gwaji kada ka yarda da zagayen unguwa. Ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, ka sa manya uku ko huɗu a ciki, ku nemi hanyar burji. Ka kashe rediyo ka saurari ƙafar gaba. Ka lura ko giya na fizga in za ta canza. Ku ɗaga kafet ku shinshina, ku duba ƙarfen ƙarƙashin kujeru: tsatsa ko busasshiyar laka a nan alamar ambaliya ta taɓa cinye ta a Amurka. In daga Amurka ta zo, mitarta da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Ku duba famfon ruwan inji ko yana tsattsafo, don nan ne wannan injin ya fi fara nuna gajiya. A takardar kwastan kuma, ku tabbatar lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 ta yi daidai da wadda ke ƙasan gilashin gaba.

Ka zaɓi mai rim 17, ba 19 ba. Mai 19 ta fi kyau a ido, amma tayarta siririya ce, dutse ɗaya zai fasa mata gefe, ga tsada. Ka sayi ɗan famfon iska mai aiki da batir, domin in rairayi ya yi yawa rage iskar taya kaɗan kan fitar da mota, sai ka mayar in ka hau kwalta. Safayar tana rataye a ƙarƙashin baya, ka sa a sauke ta a gabanka ka ga tana da iska kuma abin saukewar bai ci tsatsa ba.

In da hali, ka kai Hajiya ta gwada shiga kujerar gaba kafin ka biya. In tsayin ya yi mata yawa, a sa mata matakalar gefe, masu walda da masu kayan mota a Kano suna ɗaurawa.