Amsa ga ɗan koyona: ka je horon, amma ka fara jin abin da buhu ɗaya ya ja mini

Jiya da la'asar, muna tsaye a bakin kwatarniya, ka tambaye ni ko ya dace ka bar aiki na mako biyu domin ka halarci horon da malaman fata daga Zariya za su bayar a kan jimar da ba ta ɓata ruwa da ƙasa, ka kuma ƙara da cewa abokanka sun ce bagaruwa ta tsufa, kurom, sinadarin da kamfanoni suke jima da shi, shi ne aikin zamani. Ban amsa maka a wurin ba, saboda tambayarka ta fama mini wani miki da ya shekara goma sha biyu bai warke ba, kuma ba na son in yi magana cikin ɓacin rai a gaban ƙananan yara. Ba zan ɓata lokacina a kan jiƙo da toka da riƙon kartajin kankare fata ba. Duk wanda ya shekara uku a majema bai san lokacin da gashi ya saki fata ba, to ya nemi wata sana'ar tun da sauran ƙuruciya.

A wata damina wani ɗan kasuwa ya zo mini da babbar riga da mota, ya ce ya sami mai saye a Turai wanda yake son fatun awaki 400, jimar bagaruwa zalla, ba tare da ko ɗigon kurom ba, domin a can akwai masu biyan kuɗi mai tsoka ga fatar da aka jeme da itace kaɗai. Ya ce ya zaga majemu, kowa ya nuna masa ni, kuma ba ƙarya aka yi masa ba, domin a lokacin ba na jin akwai wanda yake fitar da jar akuya da laushi da tsabtar fuska kamar yadda nake fitarwa. Ka san darajar wannan fata. Ita ce fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da kakanninmu suka riƙa ɗora wa raƙuma ana ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta hannun 'yan kasuwar can take isa gare su, sunan ya tafi ga wasu, wahalar ta tsaya a kanmu. Na karɓi aikin da kafin alƙalami kaɗan, na sayar da shanu biyu da nake kiwo a ƙauye, na ci bashin sauran, na shiga kasuwa na zaɓi fatu ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga kowace a rana, ina ƙin mai yankan wuƙa da mai tabon kirci da wadda gishiri bai kama ba.

Sai ruwa ya ƙi ɗaukewa. Fata ba ta bushewa, bagaruwar da ke kasuwa kuma tsohuwa ce, ta sha danshi, ƙarfinta ya ragu, ga ranar da aka yanka tana matsowa. Ana sauran kwana goma mutumin ya dawo da wani buhu marar suna a bayan motarsa, ya kwance bakinsa ya nuna mini wani gari kore-kore mai laushi. Ya ce sabon magani ne da masu bincike suka haɗa domin taimaka wa masu jimar gargajiya, a fara sa fata cikin ruwan gishiri da ɗan ruwan batir, a zuba garin, ta kwana ɗaya, sannan a mayar da ita cikin bagaruwa, rabin lokaci ya isa. Na tambaye shi ko kurom ne, ya dafa ƙirjinsa ya rantse cewa ba shi ba ne. Ni kuwa a lokacin na sha ganin shuɗiyar fatar da kamfanonin Challawa da Sharaɗa na nan Kano suke fitarwa, amma ban taɓa ganin garin da ake yin ta da shi ba, kuma kalmar nan ta masu bincike ita ce ta kashe mini baki. Laifina shi ne ban gwada a fata biyu ko uku ba, na zuba dukan jarina a ciki lokaci guda. Da gari ya waye na ɗago fatar farko na ga ta yi shuɗi-shuɗi kamar sararin sama bayan ruwa, gabana ya faɗi, amma aikin gama ya gama. Na mayar da su cikin bagaruwa, launin ya rufe, suka fito jajaye masu kyau, na shafe su da man gyaɗa, na buga, na ɗaure.

Bayan mako uku ya dawo da wata takarda da Turanci, fuskarsa a murtuke, ya ce an auna samfurin a ɗakin gwaji an sami kurom, mai saye ya fasa, kuma ni ne na ci amanarsa. Na ce masa ai kai ka kawo buhun. Ya dube ni a gaban mutanena ya ce wane buhu. Ba takarda a tsakaninmu, ba shaida sai yarana, su kuma ya ce ba za su ƙi bayan maigidansu ba. Daga ƙarshe, wai don tausayi, ya ce zai karɓe su a ƙasa da rabin kuɗin da muka yi, masu bashi kuma suna ƙofar gidana safe da yamma, na sallama. Ba a yi wata biyu ba na ga fatuna, da irin ɗaurina da na sani kamar tafin hannuna, a rumfar wani dillali ana sayar wa dukawa a farashi mai kyau. Ashe ya tsara abinsa tun farko: idan kaya sun wuce gwaji riba tasa ce, idan sun faɗi asara tawa ce, shi kuma ya sami fata a arha. Shekara huɗu ina biyan wannan bashi, shanun nan kuma ban mayar da su ba har yau. Mutumin yana nan da ransa, mukan haɗu a wurin ɗaurin aure, yakan miƙo mini hannu, ni kuma nakan karɓa saboda idon jama'a kawai.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo ne daga baya, lokacin da na ɗauki ragowar garin da ƙyallen fata guda na tafi Samarun Zariya, cibiyar nazarin fata ta tarayya da ake kira NILEST, wadda tushenta ya faro tun 1964 a matsayin wurin koyar da gyaran fatu da ƙiraga. Wani malami a can bai ɗauki minti goma ba. Ya yanki ƙyallen ya nuna mini tsakiyarsa, inda wani siririn layi mai shuɗi yake kwance tsakanin ja biyu. Ya ƙona wani yanki har ya zama toka, tokar ta fito kore, ya ce tokar fatar bagaruwa zalla fara-fara take fitowa. Sannan ya jefa wani yankin cikin tafasasshen ruwa bai motsa ba, ya jefa na bagaruwa ya ƙanƙance nan take, domin fatar itace takan tsuke tun zafin ruwa yana tsakanin digiri 70 da 85, ta kurom kuwa takan jure har tafasa. Wuƙa da ashana da tukunyar ruwan zafi, abubuwan da suke cikin gidan kowa, su ne suka raba ni da shanuna saboda ban san a yi amfani da su haka ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ce maka ka tafi, ko da aikin mako biyu zai tsaya.

Maganar abokanka cewa bagaruwa ta tsufa kuwa maganar wanda bai san kasuwa ba ce. Gaskiya ne mafi yawan fatar duniya, fiye da kashi uku cikin huɗu, da kurom ake jeme ta, saboda yana da sauri kuma fatarsa tana jure zafi da ruwa, ban kuma taɓa cewa ba shi da amfani ba. Amma kurom iri biyu ne a wurin masana. Wanda ake jima da shi suna kiransa na uku, idan kuma aka yi sakaci, zafi da hasken rana da mai marar kyau sukan juya wani ɓangarensa ya koma na shida, wanda yake ƙona fatar mutum kuma yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Tun watan Mayu na 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan na shidan ya kai miligiram 3 a kowane kilo. To ka san ɗaya daga cikin hanyoyin da masanan suka tabbatar tana hana wannan juyawa? Ƙara jimar itace a kan ta kurom. Wato abin da yaran nan suke rainawa, wanda iyayenmu mata suke tsinta a gindin bishiya, wanda mutanen Sudan suke kira garad suna jima da shi kamar mu, shi ne manyan kamfanoni suke nema ya gyara musu aiki. 'Ya'yan bagaruwa masu kyau suna ɗauke da sinadarin jima kusan kashi 30 cikin ɗari, ya fi haka idan an cire ƙwayar, kuma ka lura da abin da nake hana ku kullum: kada ƙarfe ya taɓa ruwanta, kada a kwaso ta da ƙasa, domin ƙarfe da bagaruwa baƙi suke haifarwa, shi ne tabon da ba ya fita.

Batun ruwa kuma kada ka ɗauke shi a matsayin surutun 'yan boko. Ni da hannuna na tuntsurar da shuɗin ruwan nan a kwata a wancan lokaci, ban san abin da nake zubarwa ba, kuma kwatocin cikin birni kogin Jakara suke bi. A jimar kurom ta yau da kullum kusan kashi ɗaya cikin uku na garin ba ya kama fata, ruwa yake bi. Ruwan kamfanonin Bompai yana gangarawa rafin Getsi ya haɗu da Jakara, na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, a gefen waɗannan ruwaye kuma mutane suke noman rani, suna shuka latas da alayyafo da albasa, mu saya mu kai gida. Malaman Zariya suna da hanyar da ake kwantar da kurom ɗin daga ruwa da wani farin gari, a tace shi, a narkar da shi, a sake jima da shi, ka ga an rage guba an kuma rage kuɗin sayen sabo. Suna da hanyar cire gashi ba tare da an narkar da shi cikin ruwa ba, sai a tara shi ya zama taki. Za su kuma gaya maka abin da nake so ka riƙe fiye da komai idan wata rana ka shiga kamfani: ruwan cire gashi mai sinadarin salfa idan ya haɗu da ruwan asid yana tayar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda take kayar da ƙato a cikin rami kafin ya yi ihu. A Bangaladash sai da hukuma ta tashi majemun Hazaribag na birnin Dhaka gaba ɗaya a 2017 saboda abin da suka yi wa koginsu. Idan ba mu gyara da kanmu ba, wata rana mu ma takardar tashi za a kawo mana.

Sai dai ina da ƙorafi a kan masu binciken su ma, kuma ina so ka isar musu da shi cikin ladabi. Ban san adadin ɗaliban da suka zo majemar nan da takardun tambayoyi ba, suka zauna a kan kujerata, suka tambaye ni nawa nake zuba bagaruwa, kwana nawa fata take yi a kashin tattabaru, yaya nake haɗa karan dafi ya ba da ja, suka cika kwalabe da ruwan kwatarniyata suka tafi. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce mini, Baba, ga abin da muka gani a ruwanka. Wannan ba haɗin gwiwa ba ne, ɗiba ce. Su suna da ma'auni da ɗakin gwaji, mu muna da hannu da hanci da shekaru, ni ina matsa fata da yatsa biyu in san ko jima ta ratsa ta, abin da ba a rubuce yake a littafinsu ba. Idan ana son aikin ya yi albarka, su zo su yi gwajin a cikin kwatarniyarmu, da ruwan rijiyarmu, da bagaruwar kasuwarmu, su kuma faɗi sakamakon da Hausa, sannan su sa suna da bayani a jikin duk abin da suka haɗa, domin kada wani macuci ya sake fakewa da sunansu kamar yadda aka yi mini.

Ku kuma yaran yanzu ina ganin yadda kuke zuwa irin wannan taro. Ido yana kan kuɗin mota da abincin rana da takardar shaida, a ɗauki hoto a sa a waya, a dawo ba a san ko me aka faɗa ba. Kuna ƙyamar warin majema kuna son kuɗinta, kuna son a koya muku a mako biyu abin da na shekara bakwai ina ɗauko wa maigidana ruwa kafin ya bar ni in taɓa kartajinsa, kuma sauri shi yake haifar da nawa. Idan haka za ka yi, zauna ka taya ni daka bagaruwa, ya fi mini amfani. Na yarda ka tafi ne domin na lura kai kana tambaya kafin ka zuba abu, halin da na rasa a ranar da na fi bukatarsa.

Ka zo da sassafe ranar tafiyar in ba ka ƙyalle biyu na jimarmu da kwalba ɗaya ta ruwan da muke zubarwa bayan toka. Ka roƙe su su auna maka su a gabanka, ka rubuta abin da suka ce da hannunka, ka kuma tambaye su yadda za mu haƙa ramin tace ruwa a ɗan filin bayan rumfa da kuɗin da bai fi ƙarfinmu ba. Duk wani gari ko ruwa da za su ba ka, ka tabbata da suna a jikinsa, kuma a fata uku za mu fara gwada shi, ba ƙari. Ranar Asabar ta biyu nake sa ran ganinka, domin fatun tumakin da za mu jiƙa jibi za su iso bagaruwa a lokacin, kuma ba zan bar ƙaninka ya juya su shi kaɗai ba.